Lafiyar Baki da Haƙora ga Ɗaliban Sakandare: Abin da Ya Kamata Ka Sani

Idan kana sakandare, haƙoran da ke bakinka yanzu su ne za ka yi rayuwa da su har tsufa. Famfara ta wuce. Yawancin yara suna gama sauya haƙoran nono ne a wajen shekara 12 zuwa 13, lokacin da baki yake ɗauke da haƙoran dindindin 28. Sauran guda huɗun, waɗanda ke can ƙurya, sukan fito tsakanin shekara 17 zuwa 25, su cika 32. Duk wanda ya faɗi ko aka cire daga cikinsu, wani ba zai tsiro a gurbinsa ba.

A daidai wannan shekarun ne kuma iyaye suke daina tsayawa a kan yaro don ya goge baki, kuɗin tara ya koma hannunsa, shi ke zaɓar abin da zai saya a bakin makaranta. Shi ya sa matsalolin da likitan haƙori yake gani a bakin ɗan shekara 30 da yawansu tun daga sakandare suka samo asali. Wannan bayani zai nuna maka yadda haƙori ke lalacewa, alamomin da za ka lura da su, abin da za ka yi kullum, da lokacin da ya zama dole ka je asibiti.

Girman matsalar

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2022 ya kiyasta cewa kusan mutum biliyan 3.5 ne ke fama da cututtukan baki a duniya. Daga cikinsu, kimanin biliyan 2 suna da ruɓar haƙoran dindindin da ba a yi wa magani ba. Wannan ya sa ruɓar haƙori ta kasance cikin cututtukan da suka fi yawa a tsakanin 'yan Adam. Abin takaicin shi ne kusan dukkansu ana iya kauce musu, kuma kuɗin rigakafin bai kai kuɗin maganin ba ko kusa. An ware ranar 20 ga Maris ta kowace shekara a matsayin Ranar Lafiyar Baki ta Duniya domin tunatar da jama'a wannan.

Ga ɗalibi, ciwon haƙori ya wuce batun zafi kawai. Yana hana barci, yana hana cin abinci, yana sa a rasa darasi, kuma ba ya duba ko gobe ne za ka zauna jarrabawar WAEC ko NECO. Warin baki da baƙin haƙori kuma suna sa yaro ya daina ɗaga hannu a aji, ya riƙa rufe baki idan zai yi dariya.

Yadda haƙori ke ruɓewa

Haƙori hawa uku ne. Akwai farin ɓawon da ke waje, wanda shi ne abu mafi tauri a jikin mutum, kuma ba shi da jijiya. A ƙarƙashinsa akwai wani sashe mai ɗan ruwan ɗorawa da bai kai ɓawon tauri ba, shi ne yake jin sanyi da zafi. A tsakiya kuma akwai ɓargon haƙori, inda jijiya da hanyoyin jini suke.

A bakin kowa akwai ƙwayoyin bakteriya. Suna taruwa cikin wata dauɗa mai yauƙi da ke manne wa haƙori, wadda za ka iya ji da harshenka idan ka kwana ba ka goge baki ba. Duk lokacin da ka ci ko ka sha abu mai sukari, waɗannan ƙwayoyin su ma suna ci, sai su fitar da asid. Asid ɗin yana narkar da sinadaran da suka gina ɓawon haƙori. Yawu yana zuwa ya wanke asid ɗin ya mayar da abin da aka narkar, amma yana buƙatar kamar rabin awa zuwa awa ɗaya kafin ya gama wannan aikin.

A nan ne darasi mafi muhimmanci yake. Yawan lokutan da kake sa zaƙi a baki ya fi yawan zaƙin kansa illa. Wanda ya sha alawa biyar a zama ɗaya bayan abinci, haƙorinsa ya sha asid sau ɗaya. Wanda ya raba alawa biyar ɗin, yana tsotsar ɗaya a kowane darasi, haƙorinsa ya wuni cikin asid, yawu bai samu damar gyara ba. Haka wanda ya ajiye kwalbar lemo a gefe yana kurɓa kaɗan-kaɗan yana karatun dare.

Ruɓa tana bin matakai kamar haka:

1. Farin tabo kamar alli a jikin haƙori, galibi kusa da dasashi. Babu ciwo. A wannan matakin ana iya dawo da haƙori lafiya ba tare da an taɓa shi da inji ba.
2. Ɗan rami ko baƙin ɗigo. Har yanzu yawanci babu ciwo, ko kuma a ji tsami idan an sha ruwan sanyi ko abu mai zaƙi. Ciko yake buƙata.
3. Rami ya kai ɓargo. Ciwo mai zugi, wanda ke tashi da kansa, musamman da dare.
4. Jijiya ta mutu. Ciwon na iya lafawa na ɗan lokaci, sai mutum ya ɗauka ya warke. Daga baya mugunya ta taru a saiwar haƙori, kunci ya kumbura.

Ka lura cewa ciwo ba ya zuwa sai a mataki na uku. Wanda ya ce ba zai ga likita ba sai haƙori ya yi ciwo, ya riga ya bar matakai biyun da magani ya fi sauƙi da araha sun wuce shi.

Babu tsutsa a cikin haƙori. Masu turara hayaƙi a baki su nuna wa mutum wasu 'yan fararen abubuwa a ruwa, ba daga haƙorin suka fito ba. Ramin yana nan yadda yake, yana kuma ci gaba da zurfi.

Sukarin da ba ka lissafa shi

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya wuce kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu a rana, kuma an fi so a rage shi ƙasa da kashi 5. Ga babban mutum, kashi 5 ɗin ya kama kusan giram 25, wato ƙaramin cokalin shayi shida. Lemon kwalba da yawa suna ɗauke da kamar giram 10 na sukari a kowane mililita 100, ka ga roba ɗaya mai mililita 500 ta ninka wannan ma'aunin. Yawan shan irin waɗannan lemuka na cikin dalilan da suka sa Najeriya ta sanya harajin naira 10 a kan kowace lita a dokar kuɗi ta 2021.

Ba lemon kanti kaɗai ba ne. Zoɓo, kunun aya, kunun zaƙi, fura da shayin mai shayi, duk ya danganta da yawan sukarin da aka zuba. Alawar madara, gullisuwa, tuwon madara, iloka, biskit da cakulat sun fi muni ta wani fannin, domin suna maƙalewa a ramukan turamen haƙori su daɗe.

Ba a ce ka daina cin zaƙi gaba ɗaya ba. Ka haɗa shi da lokacin abinci, ka gama a zama ɗaya, ka bi da ruwa. Idan yunwa ta kama ka tsakanin abinci, gyaɗa, dafaffen ƙwai, awara, yalo, karas, gurji ko nono marar sukari sun fi wa haƙori sauƙi.

Abu mai tsami kuma yana cinye ɓawon haƙori kai tsaye ko babu bakteriya. Yawan tsotsar lemon tsami da tsamiya, da shan lemo mai gas da lemon ƙara kuzari da wasu ke sha don hana barci lokacin jarrabawa, duk suna sa haƙori ya yi siriri ya riƙa tsami. Bayan ka sha irin waɗannan, ka kurkure baki da ruwa, ka jira kamar rabin awa kafin ka sa buroshi.

Dasashi mai jini

Idan kana ganin jini a kumfar da ka tofar, dasashinka ne ya kumbura saboda dauɗar da ta taru a gindin haƙora. Wannan ya fi yawa a lokacin balaga, domin sauyin sinadaran jiki yana sa dasashi saurin kumburi. Wasu 'yan mata sukan lura jinin ya ƙaru gab da zuwan al'ada.

Da yawa idan sun ga jini sai su daina goge wurin. Hakan ƙara ta'azzara abin yake yi. Ka ci gaba da gogewa a hankali da buroshi mai laushi, safe da dare. Yawanci jinin yana tsayawa cikin mako ɗaya zuwa biyu. Idan bai tsaya ba, ka je a duba.

Dauɗar da ta daɗe tana daskarewa ta zama kamar dutse mai ruwan ɗorawa ko baƙi, musamman a bayan haƙoran gaba na ƙasa. Buroshi ba ya cire wannan, sai an yi wankin haƙori a asibiti. Wankin ba ya kankare haƙori kuma ba ya sa shi girgiɗi. Barin dauɗar ne yake cinye ƙashin da ke riƙe da haƙori a hankali, har ya fara motsi bayan shekaru.

Jinin dasashi da ya zo tare da yawan kasala, zazzaɓi, haɓo ko ɗigon jini a fata ba na ƙazantar baki ba ne kawai. Wannan yana buƙatar gwajin jini ba tare da ɓata lokaci ba.

Warin baki

Mafi yawan warin baki daga cikin bakin yake fitowa, ba daga ciki ba kamar yadda ake yawan zato. Musabbabinsa shi ne dauɗar bayan harshe, abincin da ya maƙale tsakanin haƙora, ramin haƙori, ciwon dasashi da bushewar baki. Cingam da alawar minti suna rufe warin na ɗan lokaci ne, kuma idan masu sukari ne suna ƙara ciyar da bakteriyar. Ka riƙa goge harshe daga baya zuwa gaba, ka sha ruwa sosai. Idan warin ya ƙi tafiya duk da tsafta, a duba haƙora, maƙogwaro da hanci.

Yadda za ka goge baki

1. Sau biyu a rana, minti biyu kowane lokaci. Na dare kafin kwanciya ya fi muhimmanci, domin yawu yana raguwa idan mutum ya yi barci. Bayan shi kada ka ci komai, sai dai ruwa.
2. Ka yi amfani da man goge baki mai sinadarin fuloraid. Ka duba jikin kwalin, za ka ga an rubuta 1000 zuwa 1500 ppm. Fuloraid yana ƙarfafa ɓawon haƙori ya kuma taimaka wajen gyara farin tabon nan na matakin farko. Saboda muhimmancinsa, a 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka irin wannan man cikin jerin muhimman magunguna.
3. Ka zaɓi buroshi mai laushi ko matsakaici, mai ƙaramin kai. Mai tauri yana janye dasashi ya sassaƙe wuyan haƙori.
4. Ka karkata buroshin zuwa inda haƙori ya haɗu da dasashi, ka riƙa juyawa a hankali. Ka bi waje, ciki da saman da ake tauna, har zuwa turmin ƙarshe.
5. Ka tofar da kumfar, amma kada ka kurkure da ruwa nan take. Ragowar man da ya saura shi ke ci gaba da aiki.
6. Ka tsabtace tsakanin haƙora sau ɗaya a rana da zaren sakace. Allura, fil, bakin biro da tsinken tsintsiya suna raunata dasashi.
7. Ka sauya buroshi duk bayan wata uku, ko da zarar gashinsa ya baje.

Idan a makarantar kwana kake, ka tafi da sabon buroshi kowane zango da man da zai kai ka hutu. Kada ka ara wa kowa buroshinka, kada ka karɓi na wani, domin dasashi mai jini hanya ce ta ɗaukar cuta, ciki har da ciwon hanta nau'in B. Ka bar shi a tsaye inda zai sha iska, ba a ƙulle cikin leda da danshinsa ba.

Asuwaki

Asuwaki sunna ne kuma al'ada ce mai kyau. Idan an iya amfani da shi, yana cire dauɗa sosai, ko na itacen arak ne da ake kawowa daga Saudiyya, ko na darbejiya, ko na marke. Ka tauna bakinsa ya yi laushi, ka goge kowane haƙori daga dasashi zuwa baki, ba a kwance da ƙarfi ba, ka kuma yanke bakin da ya tsufa. Raunin asuwaki shi ne wahalar kaiwa bayan turame da cikin haƙora, kuma ba ya ba da fuloraid daidai da na man goge baki. Abin da ya fi shi ne a haɗa su: buroshi da mai safe da dare, asuwaki da rana. A watan azumi, ka goge baki bayan sahur da kuma kafin ka kwanta.

Abubuwan da ke lalata haƙora da sunan ado ko magani

Goge haƙori da gawayi, toka, gishiri, kanwa, bakin soda ko lemon tsami don ya yi fari yana kankare ɓawon ne. Da farko za a ga haske, daga baya sashen cikin mai ruwan ɗorawa ya bayyana, haƙorin ya fi da duhu, ga tsami. Ɓawon da ya tafi ba ya dawowa.

Ke ɗaliba, idan ba a haife ki da wushirya ba, kada ki bari a fiƙe miki haƙori don a yi miki ita. Haka wayar haƙori ta gayu da ake sayarwa a kasuwa ko ta intanet: tana iya motsa haƙora zuwa inda bai dace ba, ta yanki dasashi, ta tara dauɗa. Wayar gyaran haƙori aikin ƙwararren likita ne, da awo da bibiya. Haƙorin Makka da ba a saka shi daidai ba shi ma yana ɓoye ruɓa a ƙarƙashinsa.

Buɗe kwalba da haƙori, fasa ƙanƙara da tauna murfin biro suna tsaga haƙori. Sigari, shisha da taba ta baki suna ɓata launin haƙora, suna kawo ciwon dasashi, kuma suna cikin manyan musabbaban sankarar baki. Shisha ba ta fi sigari sauƙi ba don hayaƙinta ya ratsa ruwa.

Idan haƙori na ciwo, kada ka ɗora ƙwayar asfirin a kan dasashi, tana ƙona shi. Kada ka ɗiga fetur, ruwan batir, turare ko wani ruwan da ba ka san abin da ke cikinsa ba. Ka kurkure da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri, ka sha farasitamol bisa ƙa'ida, ka nemi likita. Maganin kashe ƙwayoyin cuta da ake saya a kemis ba tare da takardar likita ba, ba ya cike rami. Yana iya kwantar da kumburi na ɗan lokaci, sannan ya dawo.

Ba kowane tabo ne ƙazanta ba

A wasu yankunan, ruwan rijiya ko na burtsatse yana ɗauke da fuloraid fiye da kima, wato sama da miligiram 1.5 a kowace lita. Yaron da ya girma yana shan irin wannan ruwan, haƙoransa sukan fito da fararen ko jajayen tabo. An san wannan a wurare irin su Langtang a Jihar Filato da Tibiri a yankin Maraɗi ta Nijar. Wannan tabon a cikin ginin haƙorin yake, gogewa da ƙarfi ba ta fitar da shi. Likitan haƙori yana da hanyoyin rage shi ko rufe shi. Kada a yi wa mai irin wannan haƙorin gori.

Idan haƙori ya fita a filin ƙwallo

Faɗuwa, karo a wajen wasa da haɗarin babur sukan fitar da haƙorin gaba gaba ɗayansa. Ana iya mayar da haƙorin dindindin ya kama, idan an yi sauri.

1. Ka ɗauki haƙorin ta farin kansa, kada ka taɓa saiwar.
2. Idan ya yi ƙasa, ka ɗauraye shi na ɗan daƙiƙu da madara ko ruwa mai tsabta. Kada ka kankare, kada ka sa sabulu.
3. Ka mayar da shi raminsa, ka ciji tsabtataccen hankici a hankali don ya zauna.
4. Idan ba zai yiwu ba, ka saka shi cikin madara, ko ka tofa yawu a ƙaramin kofi ka saka shi. Kada ka naɗe shi a takarda ya bushe.
5. Ka isa wurin likitan haƙori nan take, an fi so cikin awa ɗaya.

Wannan bai shafi haƙoran nono na ƙananan yara ba, su ba a mayar da su.

Yaushe za ka ga likita?

Ka je a duba bakinka aƙalla sau ɗaya a shekara ko babu abin da ke damunka. Lokacin dogon hutu ya dace da wannan. Akwai sashen haƙori a asibitocin koyarwa, irin su na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da manyan asibitocin jihohi da dama.

Ka je cikin 'yan kwanaki idan ka ga rami ko baƙin ɗigo, tsamin da ya ƙi tafiya, jinin dasashi fiye da mako biyu, gyambon baki da ya wuce mako biyu bai warke ba, ko ciwo da kumburi a bayan turmin ƙarshe.

Ka je a ranar, ko da dare ne, idan akwai kumburin fuska da zazzaɓi, kumburin da ya nufi ido ko ƙarƙashin haɓa, kasa buɗe baki, ko wahalar haɗiya da numfashi. Mugunyar haƙori tana iya bazuwa zuwa wuya ta toshe hanyar iska, kuma tana kisa.

Idan kana da sikila, ciwon sukari, ciwon zuciya ko matsalar daskarewar jini, ka faɗa wa likitan kafin a fara komai. Ka kuma sani cewa zuwa asibiti ba ya nufin cire haƙori. Ana cikewa, ana kuma iya wanke jijiya a bar haƙorin a wurinsa. Idan ma cirewar ta zama dole, ana yin allurar kashe zafi, kuma cire haƙorin sama ba ya makantar da mutum.

Ga iyaye da malamai

Ku saka buroshi da man goge baki cikin sayayyar komawa makaranta kamar yadda kuke saka sabulu. Ku duba abin da ake sayarwa a harabar makaranta, ku tabbatar akwai ruwan sha mai tsabta. Malamin wasanni da mai kula da ɗakin shan magani su san abin da ake yi idan haƙori ya fita. Yaron da ya ce haƙorinsa na ciwo, kada a ba shi ƙwaya a ce ya koma aji a manta. A sanar da gida, a kai shi a duba tun ramin yana ƙarami.